Wurin da Tarakta Ba Ta Shiga

Tun da na dawo daga Sudan ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zo shago, ko bai kawo ɗinki ba, sai ya ja benci ya zauna ya ce, to Lawal, yaya ƙasar? Na ba masu shayi labarin, na ba limaminmu, na ba surukina har sau biyu, don a karon farko barci ya yi. Jiya da surutu ya sa na yanke hannun rigar wani ango ya fi ɗan'uwansa gajarta, na ce abin ya isa haka. Zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda ya ƙara tambayata a miƙa masa ya karanta.

Ni ba mutumin tafiya ba ne. Tela ne ni a Haɗeja, Kano ma sai zare ya ƙare nake zuwa. Mahaifiyata Inna ce ta tura ni, kuma wanda ya san Inna ya san ba a ce mata sai na yi shawara.

Ga yadda abin yake. Tana ƙarama ƙwarai iyayenta suka kama hanyar Makka ta ƙasa, da ita da wanta Isiyaku. Kamar yadda mutanen da ke yi, in guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi aikin gona a tara na gaba. Suka tsaya a ƙasar Gadarif, kusa da wani gari da ake kira Ƙala'at an-Nahal, suna yankan riɗi. A nan zazzaɓi ya kama mahaifiyarsu, ta rasu, aka binne ta a bayan bukkokin ma'aikata. Mahaifinsu ya damƙa Inna a hannun wata ƙanwarsa da ke komawa gida, ya bar Isiyaku wurin wani makanike, ya wuce Makka da niyyar ya dawo ya ɗauke shi. Bai dawo ba. Inna ta girma a Haɗeja, Kawu Isiyaku ya girma a Gadarif, ya shiga soja, ya zama injiniya, ya yi iyali. Sai da suka yi furfura wasu alhazai suka haɗa su, daga nan kuma waya ta ɗauka.

Abin da Inna take nema a wurinsa guda ɗaya ne, ya nuna inda uwarsu take kwance. Duk ta tambaya sai ya ce wurin ba ya kwatantuwa a waya, sai an zo. Ita kuma gwiwa ta hana ta zuwa ko kasuwa. Da labari ya zo cewa jikinsa ya yi tsanani, ta kira ni ɗakinta ta ce in je ya nuna mini tun yana iya nunawa, in tsaya a kan kabarin in yi addu'a, in yi sallama in ce 'yarta ce ta aiko ni. Ta ce in ya tafi da sanin wurin nan, shi ke nan ita ba ta da uwa ko a ƙasa. Ta haɗa mini daddawa da kuka a wani bokitin fenti, ni kuma na ɗinka masa kaftani, na auna shi da ido a hoto.

Hanyar Khartum ba ta biyuwa saboda halin da ƙasar ke ciki, sai aka ce in bi ta Habasha. Jirgi ya sauke ni a Addis Ababa, garin da sanyinsa ba shi da kunya. Abincinsu wata faffaɗar waina ce mai tsami, launinta kamar tsumman da nake goge keke da shi. Ranar farko na zaci an shimfiɗa ta ne don a ɗora abincin a kai, na cinye miyar na bar ta, ina jiran a kawo tuwo. Mai gidan abincin ya daɗe yana kallona.

Sannan ga agogonsu. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga lokaci, ba kamar sauran bayin Allah ba. Aka faɗa mini lokacin tashin motar Gondar, na je tasha da wuri har ina yaba wa kaina, ashe mota ta tashi tun da asuba, a lokacin ma ta yi nisa. Na koma masauki da bokitina. Washegari ban yarda da agogon kowa ba, na yi sallar asuba a bakin motar.

Hanyar Gondar duwatsu ne da kwana-kwana. Ban ga komai ba, don idona a rufe yake, ina ta salati. Wata tsohuwa da ke kusa da ni, da gicciye a goshinta, ta ga halin da nake ciki ta ba ni soyayyen sha'ir a tafin hannu, tana yi mini magana da yarensu ina amsawa da Hausa. Mun yi hira mai tsawo a haka, kuma ban ga wanda ya ɓata wa wani rai ba. Daga Gondar aka gangara Metemma, garin bakin iyaka, inda zafi ya dawo mini da hankalina. Na sauka a wani ɗakin kwano da ba shi da taga, gadonsa ya lotsa a tsakiya, in ka kwanta sai ka nemi taimako kafin ka tashi.

Tsakanin Metemma da Gallabat 'yar gada ce, da ƙafa ake tsallakawa, tare da jakuna da masu turin albasa. A ɓangaren Sudan wani jami'i ya ce in buɗe bokiti. Na ce masa da hannu gara a bari. Ya ce in buɗe. Daddawar nan ta kwana biyu a rufe cikin zafi, da murfin ya tashi sai layin da ke bayana ya watse, shi kansa ya ja da baya ya toshe hanci da hularsa. Ana cikin kiran wani babba ya zo ya duba, sai na ji murya a bayana da Hausa tana cewa, ai wannan kayan miya ne, ku rufe masa abinsa. Na juya na ga wani dogon tsoho da farar jallabiya, hannunsa na dama yatsa uku ne. Shi ne Shawish Adam, wato Saje Adam, abokin Kawu tun a soja, yanzu yana fataucin gahawa a Gallabat. Gidan Kawu ne suka ce ya tarye ni.

Hausarsu ta can sai ka kasa kunne. Rabinta tamu ce, har da kalmomin da tun rasuwar kakanni ban ƙara ji ba, rabi kuma Larabci. Kowane zance sai an sa masa kwayyis ko tamam, wato da kyau ko daidai. Muna gama gaisawa na tambaye shi jikin Kawu. Ya ce in fara cin abinci. Aka kawo wake da suke kira ful, an dama shi da man riɗi, ana ci da burodi. Na ci, na sake tambaya. Ya ce ai ba a magana kafin gahawa. Aka kawo gahawa da citta a wani ɗan tulun ƙasa, ana zubawa a kofin da bai fi murfin kwalba ba, sukari ya kai rabinsa. Na tambaya karo na uku, sai ya ce wai na san yadda ya rasa yatsun nan?

A motar Gadarif ya ba ni tarihin Kawu kaf. A can ba wanda ke ce masa Isiyaku, Bashmuhandis ake ce masa, wato babban injiniya. Ya ce a soja aikinsu shi ne gina gada, haƙa rijiya, da tono nakiyar da ake binnewa a hanya. Kawu ne ke shiga gaba, rub da ciki, da wani siririn ƙarfe yana tsokanar ƙasa a hankali kamar mai neman allura. Ranar da Adam ya yi gaggawa ya rasa yatsunsa, Kawu ne ya goyo shi har inda mota take, yana tafe yana yi masa faɗa. Ya ce in an sauka a sansani kowa na karta, shi yana gefe yana ƙera wa 'ya'yansa motoci da gwangwanin kifi. Da ya bar soja aka neme shi aiki a ƙasashen Larabawa, ya ce shi ba ya cin abincin da bai ga hannun 'ya'yansa a cikin tiren ba. Ya zauna yana gyaran famfunan ruwa da taraktocin manyan gonaki. Na lura duk labarin nan Adam bai ce Allah Ya ba shi lafiya ba ko sau ɗaya, amma na hana zuciyata bin wannan hanyar.

Muka shiga unguwar da la'asar. Daga nesa na hango an kafa babbar rumfar tamfol ta tare titi, maza zaune a kan tabarmi. Ba sai an gaya mini ba. Bokitin nan ya zame mini kamar dutse.

Na doshi mutanen na miƙa hannu zan gaisa, kamar yadda muke yi. Ba wanda ya karɓa. Duk suka miƙe tsaye suka ɗaga tafin hannu sama, ni kuma hannuna na miƙe a gaba kamar mai roƙon canji. Adam ya raɗa mini cewa Fatiha ake fara yi, sai an shafa ake gaisawa. Haka al'adarsu take, duk wanda ya shigo, ko daga ƙofa ne, zai ɗaga hannu ya ce al-Fatiha, kowa ya tashi. A kwanakin da na yi a rumfar nan na tashi na zauna har cinyoyina suka yi tsami. Sannan mazansu suna kuka a fili, ƙato da rawani ya kifa kansa a kafaɗarka yana shessheƙa. Mu da muka saba da sai haƙuri, sai haƙuri, ban san inda zan sa hannuna ba.

Ashe tun ina Addis Ababa ya cika. Na ja Adam gefe na tambaye shi don me ya bar ni ina ta zuba kamar wawa. Ya ce ba a gaya wa matafiyi mutuwa a kan hanya, kuma shi ba dangi ba ne da zai faɗa. Na buɗe baki zan yi faɗa sai na tuna mu ma haka muke yi a Haɗeja, ni da kaina na sha yi wa mutane. Ban dai taɓa zama wanda aka yi wa ba.

Na yi baƙin ciki iri biyu. Na rashin kawun da ban taɓa gani ido da ido ba, da na saƙon Inna. Ina zaune ana ta shigo da tire-tire na abinci, don a can kowane gida a layin sai ya fito da nasa, ga kisra mai kama da takarda, ga asida wadda tuwo ce da ba ta ji wuta ba, ga agashe wanda tsirenmu ne ya yi ƙaura, ni kuwa ba abin da nake tunani sai yadda zan shiga ɗakin tsohuwar nan in ce mata na makara.

Aka kai ni cikin gida na yi wa matarsa Hajja Asha ta'aziyya daga bayan labule, tana takaba. Ta karɓi kaftanin ta ce tsawon ya yi daidai, sai dai ya rame a ƙarshe. Daddawar kuwa ta sa aka kai ta can bayan gida aka ɗora dutse a kai. Gidan duk aikin hannunsa ne. Garin Gadarif ruwa wuya yake, a kan amalanken jaki ake sayar da shi, shi kuwa ya haɗa bututu daga kowane rufi zuwa wata rijiyar siminti, ruwan wanke-wanke ma bai bari ya zube ba, yana bi ta ƙasa zuwa gindin lemo. Ya sa wa gadon surukarsa tayoyi don a riƙa tura ta inuwa. Murhun matarsa ya ɗaga shi daidai ƙugunta saboda ciwon baya. Ƙofar banɗaki kuma ya rataya mata wani ƙarfen inji yadda za ta rufe kanta ta kulle, don yara ba sa rufewa. Ba wanda ya gaya mini yadda ake buɗewa daga ciki. Na daɗe a wurin ina gyaran murya, kunya ta hana ni kira a gidan makoki, sai da babbar 'yarsa Nafisa ta ce daga waje in taka fedar da ke ƙasa.

Nafisa malamar makaranta ce, ta kusa sa'ata, ba ta da yawan magana. Ranar da za a naɗe tabarmin makoki ta aiko a kira ni tsakar gida. Ta ce ta ji abin da ya kawo ni, kuma in kwantar da hankalina, ta san wurin. Ta ce duk ɗan da ya yi hankali a gidan, mace ko namiji, sai babansu ya ɗauke shi shi kaɗai ya kai shi ya gaida kakarsa. Ban san lokacin da na zauna a kan turmi ba.

Sai ta ce amma akwai matsala, kuma ta taso ne ɗazu a rumfa. Wakilin gonar da kabarin yake ciki, wani Abakar, ya zo ta'aziyya. Cikin alheri ya gaya wa maza cewa tun da Bashmuhandis ya rasu, ba sauran wanda ya san halin nakiyar nan ta tsakiyar gona, don haka mai gona ya ce a nemo sojoji su tone ta kafin a fara huɗa. Na ce wace nakiya kuma?

Ta ce lokacin da babanta ya zo hutu daga soja yana saurayi, ya tarar an tashi bukkokin ma'aikata, tarakta ta bi ta kan maƙabartar ta mayar da ita gona. Ba mugunta ba ce. Kowa ya san kaburbura ne, amma direbobi kowace damina sababbi ne, gonar kuwa ba a ganin ƙarshenta, wanda aka gaya wa bara ba shi ke tuƙi bana ba. Saura 'yar kusurwa ɗaya a gindin wata aduwa, nan uwarsa take. Sai ya koma ya sa kakinsa, ya zo da dogayen ƙarafa ya kafa kewaye da wurin, ya shafa musu jan fenti irin yadda soja ke yi, ya tara mutanen gona ya ce kada ƙafa ko garma ta ƙara shiga nan. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Mutane suka dubi kakin, suka dubi jan fentin, suka tuna aikinsa a soja, suka ƙarasa sauran da kansu.

Na ce, bai taɓa gyara musu ba?

Ta ce, “Bai taɓa cewa nakiya ce ba, Yaya Lawal. Bai kuma taɓa cewa ba ita ba ce.”

Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai ya je ya duba taraktocin gonar, ya sabunta fenti, ya shiga wurin shi kaɗai ko da ɗa ɗaya a bayansa, yana tafiya a hankali. Ma'aikata na hangensa daga nesa ya durƙusa ya daɗe, suna cewa yana lallashinta ne.

Hadari ya riga ya fara haɗuwa, kuma ƙasar can baƙa ce mai danƙo, in ruwa ya sauka ko jaki ba ya wucewa. Washegari da sassafe muka hau bayan wata akori-kura, ni da Nafisa, tare da ma'aikata masu tafiya aikin damina da buhunan dawa. Hanya ba hanya ba ce, sawun taya ne a cikin fili. Wani daga cikinsu da ya ji daga Najeriya nake ya tambaye ni ko na san wani Garba a Sakkwato, kakansa ne. Na ce wane Garba? Ya ce dogo. Na ce zan bincika.

Muka sami Abakar a bakin rumfar taraktoci, gajere mai faɗin ƙirji, ana ta ɗaura wa injuna faifan huɗa. Ya yi murna da ganin 'yar Bashmuhandis, ya sa aka kawo shayi. Da Nafisa ta ce ya raka mu wurin ƙarafan sai murnar ta ragu. Ya raka mu dai, amma tun da saura nisa ya ja ya tsaya, ya kama hannun rigata ya ce ni baƙo ne, ina da iyali, kada in biye wa 'yan gidan nan. Wurin bai fi faɗin shagona da na maƙwabcina ba. Ciyawa ce busasshiya da aduwa guda a tsakiyar fili baƙi, sawun tarakta na shekara da shekaru ya zagaye shi ya bar masa rata mai yawa.

Nafisa ta gaya masa a tsaye, da Larabci, a taƙaice. Ban ji kalmomin ba amma na ga fuskarsa. Ya dube ta, ya dubi ƙarafan, sai ya zauna daɓas a ƙasa. Da ya samu bakin magana da Hausa ya yi, ina jin don in zama shaida. Ya ce shekara nawa yana dafa wa mutumin nan shayi da hannunsa. Ya ce akwai shekarar da saniyar Larabawa makiyaya ta shiga wurin, shi da mutanensa suka kwanta rub da ciki cikin rana, hannu a ka, har ta gama kiwonta ta fita, suka ce Allah ne Ya kiyaye. Ya ce shi da ya yi wa Bashmuhandis kuka a rumfa, yanzu da zai gan shi da sun yi magana. Sannan ya tambayi sunan matar da ke kwance a wurin, da garinsu, da aikin da take yi. Nafisa ta ce yankan riɗi. Ya ce uwarsa ma shi ta yi har ta mutu.

Ya tashi ya cire takalmansa. Muka shiga, Nafisa a gaba, ni a tsakiya, shi a baya. Ko da ya san gaskiya, na waiga na ga yana sa ƙafarsa daidai inda na ɗaga tawa.

Kabarin ba wani abu ba ne. Ɗan tudu ne da ya kusa bajewa, da dutse a kai da dutse a ƙafa, an share kewayensa tas, sharar da ba ta wuce ta bara ba. Na tsaya na yi sallama. Na ce ni Lawal ne, jikanki, Hajiya Hauwa ce ta aiko ni daga Haɗeja, 'yarki, tana nan da rai, ta haifi tara, bakwai na raye, ƙafa ce ta hana ta zuwa. Na yi addu'ar da na iya. Ni da na yi kwanaki ina mamakin mazan Sudan, sai ga ni ina kuka da sauti, Abakar ya jawo kaina ya kifa a kafaɗarsa, ban kuma ƙi ba.

Da muka fito ya ce zai je da kansa ya gaya wa mai gona gaskiya, ba sojan da zai zo, mutumin yana da tsoron Allah. Nafisa ta ce to direbobi fa, a tara su a faɗa musu? Ya girgiza kai.

Ya ce, “Direba yana tsoron Allah, amma in ya wuni a kan tarakta gyangyaɗi yake yi. Jan ƙarfen nan ne kaɗai ke buɗe masa ido. Ku bar su yadda Bashmuhandis ya bar su.”

Ya aika aka kawo ragowar fentin da Kawu ya ajiye a rumfa. Ni na shafa, Nafisa na riƙe da gwangwani, direbobi sun yi cirko-cirko can nesa suna kallo. Na ji daga baya wai sun ce an kawo wani ƙwararre daga Najeriya. Abakar ya ce muddin yana wakili ba abin da zai taɓa wurin, bayansa kuma bai sani ba. Ban nemi ya ce fiye da haka ba. Muna hanyar komawa aka fara yayyafi.

Dawowa ba ta da labari, hanyar da na bi ita na sake bi. Na iso Haɗeja da hantsi, ban ko shiga gidana ba na wuce wurin Inna. 'Yan'uwana sun riga sun ji rasuwar ta waya, sun ɓoye mata suna jirana. Na zauna a bakin gadonta na fara da mai nauyin. Ta yi salati, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. Sannan na ba ta labarin aduwa da jan ƙarfe da saniya. Ta yi dariya a cikin kukan, ta ce tun yana yaro haka yake, ba ya ƙarya amma sai ya bar ka ka yi wa kanka.

Ta tambaye ni ko na tsaya a kanta sosai, ba daga nesa ba. Na ce har na taɓa dutsen. Ta ce na faɗa mata wadda ta aiko ni? Na ce na faɗa, na ce Hajiya Hauwa ce daga Haɗeja.

Ta girgiza kai. Sannan ta ce, “Ba ta san wata Hajiya Hauwa ba. Ba haka take kirana ba.”

Ta ce akwai sunan da uwarta ta sa mata, na wasa, tun tana goye. Gwaggon da ta riƙe ta ba ta san shi ba, mahaifinmu ma bai taɓa ji ba. Isiyaku ne kaɗai ya sani, kuma duk ranar da ya kira waya da shi yake fara sallama. Na ce ta yafe mini, ban sani ba. Ta ce ina zan sani, ita ce ba ta faɗa ba, kunya ta ji, tsohuwa da jikoki.

Ta ce in matso. Na matsa, ta kama kunnena kamar ina yaro ta faɗa mini sunan, ta sa na maimaita har ta tabbatar na riƙe. Ta ce in kira Nafisa in gaya mata, in ta je shafa fenti baɗi ta gyara saƙon.